Garin Da Fursunoni Ke Saƙa Ragama Da Izga

Mutumin Gwallaga a birnin Bauchi, wanda ya saba kallon hawan salla, ya san ƙawar doki aikin dukawa ce da maƙera. Izga kuwa, a wurinsa, ta korar ƙuda ce. To, akwai wani gari a Amurka inda da izgar nan ake saƙa ragama da kamazuru, kuma a kurkuku ake saƙar.

Sunan garin Deer Lodge, a Jihar Montana, cikin wani kwari tsakanin duwatsu, ƙasar makiyayan shanu mahaya dawaki. A bakin babban titinsa tsohon kurkukun yake, da katangar dutse kamar ganuwa. An buɗe shi a 1871, aka rufe a 1979, ya zama gidan tarihi. Da aka mai da fursunoni sabon gida a bayan gari, sana'ar ta bi su.

Ɗaurarre yakan murza silin izga kamar goma su zama zare ɗaya. Sai ya naɗa igiya a jikin sanda, ya dinga ɗaura zaren a kanta ƙulli bayan ƙulli, yana sauya launi har zane ya fito. In ya gama ya zare sandar, ya jiƙa saƙar, ya matse ta tsakanin faifan ƙarfe biyu ta baje. Ragama guda takan ci watanni. Watau jarin sana'ar lokaci ne, shi kuwa ɗaurarre ba abin da ya fi masa yawa.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake wannan aiki a nan, an kuma yi shi a kurkukun Walla Walla a Jihar Washington, da na Rawlins a Wyoming. Tsofaffin ragamomin yau masu tara kayan tarihi ke ribibinsu a wurin gwanjo, wata ta kai dubban daloli, kuma ba doki ake sa wa ba, a bango ake rataye su. Gwanayen ciniki da launi da zane suke gane kurkukun da kowace ta fito. Amma sunan wanda ya ƙare idonsa a kanta, galibi babu mai iya faɗa, alhali a Bauchi mahayi ya san badukunsa har ƙofar gida.

Daura da tsohon kurkukun akwai kanti inda baƙi ke sayen bel da ragama na fursunonin yanzu.