Ranar da na kalli fim ɗin Sarauniya da kakata

Satin da ya wuce ɗiyata ta dawo daga lakkol da aiki: mushensu ya ce su kawo bayani a kan Sarauniya Mangu ta Lugu. Kafin in buɗe baki har ta ɗauki salulata ta nemo fim ɗin, ta ce: "Baba, ai komai yana ciki." Gabana ya faɗi, don ni ma haka na taɓa cewa, kuma har yau ina nadama.

Ina aji na uku a kwaleji, a Dogon Dutsi, lokacin da wani maƙwabcinmu ya samo kaset ɗin. Aka fiddo tele tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, unguwa ta cika. Har kakata, wadda ba ta kallon tele, ta jawo kujerarta da ta ji an ce labarin Lugu ne. Ita mutuniyar wajen Matankari ce, kuma kakarta tana yarinya lokacin da Nasara suka ratsa Arewa.

Ga wanda bai sani ba: Med Hondo, ɗan Muritaniya, shi ya shirya fim ɗin, ya fito a 1986. Daga littafin ɗan ƙasarmu Abdoulaye Mamani aka ɗauko labarin. A Burkina Faso aka ɗauke shi, zamanin Thomas Sankara, kuma Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya. A 1987 ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu.

Ba a yi minti goma ba kaka ta taɓa ni: "Kai, mi ta ke faɗi? Wanga ba Hausa ba ne." Gaskiyarta. Sarauniyar fim Julanci take yi, mu ƴan lakkol muna bin rubutun Faransanci a ƙasa muna fassara wa tsofaffi. Ka ji abin mamaki: labarin kakanninsu, amma sai da tafinta.

Duk da haka fim ɗin ya tafi da ni. Na ga Sarauniya da kwari da baka tana jan mayaƙa, na ga kaftin Voulet da Chanoine suna ƙona garuruwa, na ga tsafi yana rikita sojojinsu har barci ya gagare su, daga ƙarshe suka juya wa shugabanninsu bindiga. Da aka gama, yara suka yi ta tafi da ihu. Kaka ko ta yi tsaki. Ta ce Sarauniyar da ta ji labari ba ta yawo haka. Mace ce ta ɗaka, mai kaɗi da mazari, ƙarfinta a bakinta yake da abin da ta gada. Ta ce kakarta ba ta taɓa kiran ranar nan ranar nasara ba. Abin da take tunawa shi ne gudu cikin daji da goyo, da rumbuna suna cin wuta, da yunwar da ta biyo baya.

Ni kuma da ƙuruciya da girman kan boko na ce: "Kaka, waɗanga sun yi bincike, a littafi yake." Ta dube ni ta ce: "To, ɗan Nasara, tunda ka sani." Ta ɗauki kujerarta ta shiga ɗaki. Ba ta ƙara tada zancen ba, ni ma ban tambaya ba, har Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Sai da na girma na karanta tarihin na gane wa ya fi kusa da gaskiya. An gwabza a Lugu ranar 16 ga Afrilun 1899. Mutanen Sarauniya sun tsaya da kibau gaban bindigogi, sun sa Nasara sun sha wuya, wannan ba mai musu. Amma an ƙone garin, mutane suka janye cikin kurmi, ayarin kuma ya ci gaba. A watan Mayu suka auka wa Birnin Konni, aka yi kisan da har gobe mutanen Konni ba su manta ba. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu suna nan Maijirgi, kusa da Tasawa. Mai bin hanyar Maradi zuwa Damagaram yana wuce garin.

Nan fim ya tsaya, inda labari ya yi daɗi. Abin da ya biyo baya ba daɗi. Sauran ayarin bai koma gida ba. Ƙarshen watan nan na Yuli suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga Zinder, daga baya aka kashe Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. A Afrilun 1900 Rabe ya faɗi a Kuseri. A 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Cikin shekara huɗu dauloli uku suka kife.

Ban ce Med Hondo ya yi laifi ba. Shi fim ya yi, kuma ba don shi da Mamani ba, da yawa cikinmu da ko sunan Mangu ba mu ji ba. Mutanen da aka daɗe ana gaya musu ba su da tarihi suna bukatar ganin tasu ta tsaya ba ta durƙusa ba. Almara tana da aikinta. Laifin nawa ne, da na ɗauki awa biyu na tele na rufe bakin wadda ta ji daga bakin wadda ta gani. Fim ɗin yana nan, kowa na iya kallo gobe. Abin da ke cikin kan kaka ya tafi da ita: sunan dajin da suka ɓuya, wa ya mutu, wa ya dawo, me suka ci.

Don haka na bar ɗiyata ta kalli fim ɗinta har ƙarshe, ta yi tafinta. Sannan na ce ta sa hijabinta. Akwai ƙanwar kaka da ta rage a ƙauye, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau. Muka kira ta, muka sa murya a fili. Ɗiyata ta gaishe ta, ta ce: "Kaka, ki ba ni labarin zuwan Nasara." Tsohuwa ta yi dariya ta ce: "Yau kuma ƴan lakkol ke tambaya?" Ta yi magana har kuɗin waya suka ƙare. Mun naɗa duka. In hutu ya zo za mu je mu ji sauran, in Allah ya kai mu da ita.

Ƴan uwa na Konni, Tasawa, Dutsi da Damagaram, in akwai tsoho a gidanku da ya ji labarin nan daga nasa kakanni, ku je yau da salularku. Ku bar shi ya faɗa yadda ya ji, ko da ya saɓa wa littafi. Wanda ya samu wani abu, ya rubuto muna a nan.