Guzurin Sina'i

Ni dai har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba. Mace mai goyo, ga wasu biyu riƙe da bakin zanena, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Abbasiyya ta Alƙahira, Larabcin nawa bai wuce na cinikin tumatir da gaida maƙwabta ba, amma daren da Malam ya shigo da wata linkakkiyar takarda a aljihun jabbarsa ya ce in an yi hutun tsakiyar shekara za mu kwashi yara mu tafi Sina'i mu riƙa kwana a fili, ban ce me ya yi zafi ba, ban ce da wane kuɗin ba. Cewa na yi, "To, da wace tukunya?"

Taswira ce. A wurin masu tsofaffin littattafai na Azbakiyya ya tsinto ta, tana warin ƙura da hayaƙin taba, duk inda aka linke ya yi fari ya fara tsagewa, kuma daidai kan garin Abu Zanima akwai zoben gindin kofin shayi na wani bawan Allah da ya riga mu zama a kanta. Ta tsufa har ba ta san an haƙa ramin Ahmad Hamdi ba, wanda motoci ke bi ta ƙarƙashin ruwan Suwes, sai Malam ne ya zana mata shi da fensir, ɗan gajeren layi arewa da birnin, ya hure ƙurar, ya ja da baya yana kallon aikinsa. Hunturun 1987 ke nan.

Bayan sallar isha, in yara sun yi barci ko sun yi lamo, sai ya shimfiɗa ta bisa tabarma, ya danne kusurwa ɗaya da ƙamus, ɗaya da buta, sauran da gwiwoyinsa, ya ce in ara masa zare. Da zaren ɗinkina aka auna Sina'i kaf. Ya kwantar da shi a kan hanya, ya bi kowace kwana da farce, ya ɗauke ya gwada a ma'aunin da ke ƙasan takardar, ya rubuta a bayan littafinsa na nahawu: Alƙahira zuwa Suwes wajen kilomita 130, zuwa gindin dutsen Ɗuri Sina kuwa ya haura 400. Daga nan sai rabon zango. Na fari Uyun Musa, na biyu cikin dabinon Wadi Firan, na uku gindin Ɗuri Sina, sannan a gangara gabas zuwa Dahab yara su ga teku. Kakansa madugu ne, irin waɗanda ke kai kanwa Gwanja su komo da goro, kuma ina jin jinin ne ya motsa bayan ya daɗe kwance ƙarƙashin rawani da littattafan Azhar. In na ga ya yi nisa nakan ce, "Ranka ya daɗe madugu, shayin fa ya huce." Ba ya ko ɗagowa.

Ni kuwa dutsen ne ya ja ni. A allo na san shi, a zauren malaminmu da dare, hayaƙin kara na shiga ido, muna ta rera surar da Ubangiji ya yi rantsuwa da shi, kuma tun daga lokacin har na yi aure na haihu ban taɓa kawowa a raina cewa wuri ne da mota ke zuwa ba, mai kwalta da shingen 'yan sanda da mai sayar da shayi. Na ɗauka yana can inda Annabawa suke.

Shi da hanya, ni da ciki, haka muka raba. Akwai wani akwatin ƙarfe mai zanen furanni da aka kawo ni ɗaki da shi, a nan nake ɓoye dukiyata ta gaske: kuka, busasshiyar kuɓewa, ƙullin kanwa don kunun mai shayarwa, daddawa a ƙunshe cikin takarda an sake ƙunshewa cikin tsumma, yajin da Inna ta daka da hannunta, duk abin da ɗalibai masu dawowa daga hutu ke kawo mana ana rabo da cokali. Na yi ta ƙwauron miya ina tara na tafiya, Malam na cin fulu da gurasa safe da dare bai ce uffan ba. Na sayo gyaɗa na soya, na daka a ɗan turmin tagulla irin na Masarawa wanda ƙararsa ke kaiwa har ƙasan bene, na matse mai a kwalba, tunkuzar na yi ƙuli-ƙuli. Na dafa nama na daka na soya shi dambu har sai da ya daina kuka a cikin mai. Duk ina yi ne a wani ɗan madafi da in na juya sai gwiwar hannuna ta bugi bango, a waje mai gas na buga tukwanensa da sifana, mai sayen tsofaffin kaya na jan kiransa daga wannan layi zuwa wancan.

Ƙamshin dambun nan ne ya jawo maƙwabciyarmu ta ƙasa, ta zo jin abin da ake soyawa ta koma da labarin tafiya. Da dare sai ga mijinta ya hawo da kayan barcinsa masu zane-zane, yana ɗingishin da ya dawo da shi tun da suka tsallaka ruwan Suwes a yaƙin Oktoban 1973. Ya daɗe tsugune gaban taswirar bai ce komai ba, yatsansa na yawo a wuraren da babu ko suna. Can ya ce, "Ya Shehi, a wannan watan ba rana za ku ji wa tsoro ba. Sanyi." Ya kurɓi shayi, ya dubi yaran da ke leƙe ta bayan labule. "In kun ga waya mai ƙaya, ko ta faɗi ko ta yi tsatsa, kada yaro ya tsallaka ta ko da fitsari ya matse shi. Ƙasar nan ba ta gama amayar da abin da muka binne mata ba." Malam ya rubuta wannan ma a bayan nahawu. Ni ban rubuta ba, amma har yau in na ga waya kwance a ƙasa sai na janye jikana.

Maganar sanyin ce ta kai mu kasuwar gwanjo ta Wikalatul Balah a Bulaƙ, inda muka yi ta tonon kwat-kwat masu warin kafur, aka samo wa babban yaron wata da ta kai masa idon sawu, hannuwanta na reto, ya ƙi cirewa har muka iso gida. Na kuma fito da gwadon Inna daga ƙasan akwati, saƙin hannu, fari da ratsin baƙi, mai nauyin da in ka rufa ba ka iya juyi. Da na warware shi ƙamshin kajijin ɗakinta ya tashi. Sai da na ɗan zauna.

A kan ruwa ne muka fi jayayya, shi yana lissafi da lita, ni da buta. Na san buta nawa alwalar mutum biyu ke ci, na san ta kunu, na san ta wankin tsummokaran goyo, wadda babu ita a littafin kowa. Duk jarkar da ya ce ta isa sai in ce a ƙara. Ɗaya na ɗinke ta cikin buhu don a riƙa jiƙawa iska na sanyaya ta, dabarar da na tashi na gani ana yi da salka, sai dai ruwan roba ba ya da ɗanɗanon nan na fata da bagaruwa da ke sa mutum ya san ya sha ruwa. Risho, kananzir a kwalbar da aka ɗaure bakinta da leda, fitilar ƙwai da lagwani na ko-ta-kwana, ashana a gwangwani, buzun salla, ludayi, muciya. Tukunyar kuwa, baƙar nan mai kunne ɗaya aka ɗauka.

Tanti ya so ya gagare mu. Mun je layin masu ɗinkin tantuna da ke kusa da Bab Zuwaila, rufaffen lungu mai sanyi, maza zaune da ƙafa a harɗe suna ɗora yanki bisa yanki, ja da kore da shuɗi, irin rumfunan da ake kafawa a titi ran biki ko zaman makoki. Muka sha kallo, muka tambayi farar zawwati zalla, aka faɗi kuɗi, Malam ya yi godiya mai tsawo. Gwangwanin madarar da muke jefa kirshi a ciki ba zai ɗauka ba, ga kuɗin mai. Wani dattijo ne ya fisshe mu, mai sayar da turare a bayan masallacin Husaini, mutumin Mai Wurno ta Sudan, jikan waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903. Ya ce yana da wani tsohon tantin soja a ƙarƙashin gado. "Ɗauki, 'yata," in ji shi, da yake ni ya ga na fi damuwa, "amma turakuna a ƙirge suke."

A saman bene muka gwada kafa shi, tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tantabarun mai gida. Siminti ba ya karɓar turke, sai muka ɗaure igiya ɗaya a tankin ruwa, ɗaya a ƙarfen eriya, sauran muka danne da bulo. Yana warin akuya da kananzir da tsohon ruwan sama. Ya tsaya ɗan lokaci, sannan ya durƙusa a hankali kamar tsohuwar saniya, da Malam a ciki. Wace ce wannan yarinyar da ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, goyo na tsalle a bayanta, matan unguwa na leƙe ta tagogi? Ina ganinta sarai, amma da za mu haɗu a hanya ban tabbata za ta gaishe ni ba. Daren nan yaran suka ƙi sauka, a ciki muka kwana, jiniyar motoci a ƙasa, kiran sallar asuba daga ko'ina lokaci guda.

Mota aro ce ita ma, doguwar Fijo 504 ta wani abokin karatunsa, kuma Malam ya ce ya san cikinta tun da irinta ake harhaɗawa a Kaduna. Ya sayi bel da fulogi, ya sa an liƙe tayar ajiya, ya zuba fasfo da takardun zama a gafakarsa saboda shingayen hanya. Ya kuma gano cewa gidan ruhubanawan Santa Katarina da ke gindin dutsen da safe kaɗai ake buɗe shi, ban da Juma'a da Lahadi, sai aka sake jujjuya kwanakin daga farko. Ranar nan ina share ɗaki na buɗe littafin, na ga tsarin hawan dutse da rubutunsa mai kyau: tsayi mita 2,285, matakala 3,750, a tashi kafin asuba. Ƙarƙashinsa ya rubuta, mata da yara su jira a tanti. Na nemo magogin fensir na goge "mata da". Na mayar da littafin inda yake. Bai ce ya gani ba, ni ma ban ce na yi ba. Kashegari ya dawo da takalmin kambas a takarda, daidai ƙafata.

Tafiyar kanta, abin mamaki, guntu-guntu ta rage mini. Yaran sun riƙe numfashi a cikin ramin don an gaya musu jiragen ruwa na wucewa bisa kanmu. Ruwan Uyun Musa zartsi ne. A Hammam Fir'auna warin farar wuta ya kori kowa ya koma mota. Iskar bakin teku ta kwana tana marin tantin, wannan karon bai faɗi ba. A gindin dutsen na tashi alwala na tarar ruwan buta ya yi ɓawon ƙanƙara, na fasa da yatsa ina yi wa maƙwabcinmu addu'a, mu biyar a ƙarƙashin gwado ɗaya. Cikin katangar ruhubanawan, wadda aka gina tun ƙarni na 6, ga hasumiyar masallaci tsaye kafaɗa da kafaɗa da ta ƙararrawa. Wata Bajabaliya, 'yar ƙabilar wurin, mai kiwon awaki ta binne ƙullu a toka ta tono mana gurasa, ta karkaɗe da bakin mayafi, ta ba mu shayi mai ganyen habak. Na ba ta miyar kuka, ta ɗanɗana, ta yi shiru irin na mutumin kirki.

Na hau. Shi ya bi matakala da asuba, ya sauko ya karɓi manyan, ni na bi hanyar raƙuma da hantsi, goyo a baya na ɗaure da majanyi biyu, har inda hanyar ke ƙarewa a koma matakalan ƙarshe, wajen 750, waɗanda babu raƙumin da ke hawa wa mutum su. A sama akwai ɗan masallaci da 'yar majami'a, da iska. Na yi raka'a biyu, goyon ya farka yana neman nono, na juya wa iskar baya na ba shi.

Da muka dawo mako guda na yi ina mayar da kayan mutane: jarka ga wannan, fitila ga wancan, kowa da ɗan ƙullin dabino da ganyen habak. Tantin na wanke na shanya na ɗinke inda ya yage, muka kai wa dattijon. Ya zazzage jakar a gaban kwalaben turarensa ya ƙirga turakun ɗai-ɗai, ya sake ƙirgawa. Ɗaya babu. Malam ya fara lalube a aljihu, dattijon ya ɗaga masa hannu, ya juyo wurina ya rage murya.

"'Yata, akwai sauran daddawar nan?"

Akwai.