Katin Banki da Sunana Biyu

A Zangon Kwatano aka haife ni, a nan kuma Babanmu yake kasuwanci tun kafin ya auri Innarmu. Kayan Kano yake sayarwa: huluna, takalman fata, turare da ɗinkakkun riguna. Tun tasowata hanya ɗaya na sani ta biyan kuɗin kaya. Baba ya ƙirga sefa ya kai wa ɗan canji, ɗan canji ya buga waya, kafin la'asar an miƙa wa mai kaya nairarsa a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi. Ba rasit, ba sa hannu. Amana ce kawai, sai ɗan abin da ake cirewa na la'ada.

Wannan la'adar ce ta tsaya mini a rai. Na yi sakandare a Kano a hannun Baffana da ke Fagge, na dawo da takardar shaida, da wayar shafa, da katin banki a aljihu. Ina ganin kaina wayayye. Kullum sai na ce, "Baba, wannan kuɗin da kake ba 'yan canji fa asara ce. Masu karɓar kayanmu na Legas su riƙa zuba naira a asusuna, ni kuma in tura Kano daga nan inda nake zaune." Sai ya yi murmushi ya ce, "To, ɗan boko, mun ji." Na shekara biyu ina wannan naci kafin ya yarda a gwada sau ɗaya.

Asusun nan kuwa tun muna aji biyar aka buɗe mana shi, ranar da ma'aikatan wani banki suka zo makaranta da fom da na'urar ɗaukar yatsa. Suka yi mana lambar BVN, suka ba mu katin Verve. Abin da aka fi turo mini a ciki bai wuce dubu goma ko ashirin na kashewa ba. Na san katin ba ya aiki a na'urorin Kwatano, na kuma daɗe ina cewa zan je in canza shi da babba, Mastercard ko Visa. Kullum gobe, kullum jibi.

Ranar 8 ga azumin 2024, Litinin ce, wani mai karɓar kayan Baba a Legas ya zuba naira 850,000 a asusuna. Na ga kuɗin sun shiga, har na nuna wa Baba fuskar wayar ina washe baki. Kuɗin hulunan Sallah ne, Alhajin da muke sara a wurinsa a Kano yana jira ya ɗaure dila a sa a mota. Na danna turawa, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na ce sabis ne. Bayan sallar asham na gwada tura naira dubu ɗaya kacal, ita ma ta ƙi. Sai ga rubutu: an tsayar da fitar kuɗi daga wannan asusu, a je reshe mafi kusa.

Reshe mafi kusa da ni yana ƙetaren iyaka.

Da asuba na hau zemijan zuwa tasha, na shiga motar Seme, na ƙetara, na kama hanyar Badagiri zuwa Legas. Na sauka a Agege gidan wani aminin Baba. A zuciyata aikin yini ɗaya ne: in cike fom, a ɗaga darajar asusun, a ba ni sabon kati, in koma gida in sha ruwa da su Inna. Ko kayan sawa ban ɗauko ba sai na jikina.

Matar da ke kan teburin kula da masu ajiya ita ta fara buɗe mini ido. Ta ce asusun banki a Najeriya mataki uku ne. Na farko, wanda a da ake buɗewa da hoto da suna kawai, kuɗin da ke cikinsa ba sa wuce naira 300,000. Na biyu 500,000. Na uku shi ne ba shi da iyaka. Nawa na farko ne, na 'yan makaranta. In kuɗi suka fi ƙarfinsa, wani bankin yakan mayar wa mai turowa, wani kuma ya karɓa ya kulle. Nawa ya karɓa ya kulle. Ta ƙara da cewa tun watan Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce mataki na biyu da na uku dole a haɗa su da BVN da NIN duka biyun, kuma an fara tsanantawa a watan Maris ɗin da muke ciki. Na ce ai duk ina da su. Na miƙa mata da ƙarfin gwiwa.

Ta buga lambobin, ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta ce, "Waɗannan ai mutum biyu ne."

Duk wanda aka haifa a ƙasar da ake Faransanci ya san zancen. Haruna ya zama Harouna, Musa ya zama Moussa, Usman ya zama Ousmane. Sunana irin waɗannan ne. A takardar haihuwata ta Kwatano an rubuta shi da rubutun Faransa, an kuma sa sunan Baba a gaba, nawa a baya. Da wannan takardar Baffa ya kai ni aka yi mini NIN a 2021, lokacin da ake tilasta haɗa layukan waya. BVN kuwa daga rajistar makaranta aka kwafa, inda malamin da ya ɗauke ni ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Bai tsaya nan ba. Da ya tambayi Baffa ranar haihuwata Baffa bai riƙe ba, sai ya rubuta 1 ga Janairu, alhali ni ɗan watan Agusta ne. Shekara ta yi daidai, wata da rana sun saɓa.

Na ce, "Hajiya, ai ga ni a gabanki. Ga yatsana, ku gwada. Ni ne wannan, ni ne wancan." Ta ce ta yarda ni ne, amma ba ita ke buɗewa ba, sai bayanan biyu sun dace harafi da harafi. Ta ba ni shawarar in gyara BVN ya bi NIN, don shi a banki ake gyara shi, na NIN kuwa sai an bi ta hukumar katin ɗan ƙasa, kuma ya fi cin lokaci. Ta lissafa mini abin da zan kawo: takardar rantsuwa daga kotu, takardar haihuwa, hoto, da takardar biyan kuɗin wuta wadda ba ta wuce wata uku ba.

Daren nan na fi minti ashirin ina juya waya a hannu kafin na kira Baba. Na tanadi kunnena don faɗa. Da na gama bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "Ka sha ruwa kuwa?" Na ce na sha. Ya ce, "To, ka tsaya ka gama abin da ya kai ka." Ya kashe. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Takardar haihuwar tana can Kwatano cikin tsohuwar kwallar Inna, inda take ajiye duk wata takarda ta gidanmu a naɗe cikin leda. Sai da aka ba wani direba ya kawo mini, kwana biyu. Na je kotu na yi rantsuwa cewa mai wannan suna da mai wancan duk ni ne. Na koma banki, aka ce za a turo lamba ta layin da ke jikin BVN. Layin nan tun dawowata Kwatano na daina sa masa kuɗi. Na kira shi, sai ga wata mata ta ɗauka tana Yarabanci. Ashe an daɗe da ba wani. Wani fom ɗin kuma, na canza lambar waya. A jikina na ji abin da ake nufi da ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Saura takardar wuta. Ni ba ni da gida a Najeriya, ta gidanmu kuwa da Faransanci take, adireshinta na wata ƙasa. Aka ce in kawo ta adireshin da ke cikin fayil ɗina, wato gidan Baffa. Baffa ya turo, aka karɓa, aka ce za a aika mutum ya tabbatar ina zaune a can. Mutumin ya je Fagge da tsakar rana, Baffa yana kasuwa. Ya tambayi matasan da ke zaune a ƙofar gida da sunan da ke takarda, sunan Baba a gaba, nawa a baya, da lafazin da ba su taɓa ji ba. Suka ce ba su san shi ba. Waɗannan fa abokaina ne, tare muka yi ƙwallo shekara shida. Su da Ɗan Kwatano suka san ni. Rahoto ya dawo: ba a san mai wannan suna a gidan ba.

Ranar na zauna a kan dakalin bakin banki, ga azumi, ga zafin Legas, rigar aro a jikina, na ji hawaye na neman zubo mini. Wani dattijo mai gadi, ɗan wajen Sakkwato, ya matso ya ce, "Yaro, kai da ka san kuɗinka na ciki? Jiya wata tsohuwa ta zo, mijinta ya rasu, sunanta uku a takarda uku. Yi haƙuri ka bi su a sannu." Ya nuna mini inda zan yi alwala.

Sai hutun Ista ya shigo, Juma'a 29 ga Maris da Litinin 1 ga Afrilu, banki a rufe. Kwana huɗu ina zaune a Agege ina taya mai masaukina jiran shago. A nan ne ya gaya mini abin da Baba bai gaya mini ba. Tun washegarin ranar da na kira shi ya buga wa Alhajin Kano waya ya ce kuɗi sun maƙale a hannun yaro. Alhaji ya ce, "Haba Alhaji, shekara nawa muna tare? A ɗaure kaya." Rabin kuɗin kuma Baba ya karɓo bashi wurin ɗan canjin nan da nake ta cewa a rabu da shi. Huluna sun isa Kwatano tun ina yawon kotu. Mutum biyu suka ɗauki nauyin kusan miliyan a kan sunan Baba, ba wanda ya tambayi yadda ake rubuta shi.

Aka sake aika mai dubawa, wannan karon Baffa ya ƙi fita kasuwa ya zauna jiransa. Ranar Alhamis 4 ga Afrilu aka buɗe asusun, kwana 17 cif. A tsaye a cikin bankin na tura wa Alhaji cikon kuɗinsa, na tura wa wakilin ɗan canji nasa, hannuna na rawa.

Sannan na ce a ba ni katin da na daɗe ina buri. Na biya dubu ɗaya da 'yan kai, aka ba ni Mastercard mai sheƙi. Na tambaya ko yanzu zan iya cirar sefa da shi a Kwatano. Matar ta girgiza kai. Ta ce tun 2022 yawancin bankuna suka tsayar da amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala, in ina so sai in buɗe asusun dala. Dariya kawai na yi. Sai a tsakiyar 2025 wasu bankunan suka fara buɗewa, shi ma da iyaka.

Na isa gida ana saura kwana biyar Sallah. Na sami Baba a shago, layin masu sayen hula har waje. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri. Ya katse ni ya ce, "Laifin ba naka ne kai kaɗai ba. Ranar da aka je yi maka takardar haihuwa ina tsaye, mutumin ya rubuta, ban ce ya karanta mini ba. Tashi ka kama mini awon kai." Ya miƙo mini hula.

Ba mu bar banki ba, ba mu kuma bar ɗan canji ba. Masu biyan naira suna zubawa a asusuna, abin da aka sayar da sefa yana bin tsohuwar hanya. Na daina yi wa Baba lissafin la'ada, don na ga ranarta.

Bayan Sallah na roƙi Inna ta buɗe mini kwallar nan. Na baje takardun ƙannena biyar a kan tabarma: ta haihuwa, ta makaranta, ta asibiti. Uku daga cikinsu suna da irin ciwona. Ƙanwata da ke Kano, wadda za ta zana jarrabawar JAMB, ba a rajistarta sai da NIN, sunanta iri biyu ne, ranar haihuwarta ma biyu. Muka gyara tun babu kuɗin kowa a tsare, tun babu ranar rufe rajista a kanmu. Na sami littafi na rubuta sunan kowa da ranar haihuwarsa yadda suke a takardar farko, na ce duk wanda za a yi wa wata takarda, da wannan littafin za a je, a kwafa, a kuma karanta a gabanmu kafin a buga. Layina na Najeriya kuwa duk wata sai na sa masa ko ɗari biyu ce na yi kira.

Iyayenmu da ke Kwatano, Lome, Yamai, Duwala da Abijan, ku da 'ya'yanku ke karatu a gida Najeriya, don Allah ku buɗe kwallar nan yau ku duba. In yaro ya ce a zuba kuɗin kaya a asusunsa, a fara tambayarsa mataki na nawa ne, a kuma gwada da kaɗan.

Littafin yana nan cikin kwallar Inna, a cikin leda, tare da tsohon katina na makaranta. Ta hana a yar da shi.