Daga Saulawa Zuwa Shenzhen: Labarin da Kunne Ya Kawo

Mu mutanen Saulawa da ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan da kunne muke sanin mota. Tun ba ta ɓullo ba yaro zai gaya maka wannan Golf ce, waccan babbar mota ce ta ɗauko rake, wancan kuwa babur ne da salansarsa ta fashe. Bakanike ma kafin ya ɗaga bonet sai ya ce a tayar masa da inji ya saurara. Da irin wannan kunnen na je ƙasar Sin, kuma ya fi idona samo labari.

Neman injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana ne ya kai ni. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 manoman rani a fadamunmu suke kukan cewa ribar tumatir da albasa a tankin inji take ƙarewa. Na tashi daga Kano a jirgin Habasha, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka a Guangzhou. Wani Alhaji Bakano da ya daɗe yana harkar tura kaya a unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi taruwa, shi ya sauke ni, shi ne kuma tafintana.

Washegari da safe muna tsaye a wata mahaɗar titi muna jiran danja, motoci jere har iya ganin ido, amma ga shi muna hira da Alhaji ba wanda ya ɗaga murya. Har takun masu tsallaka titi ina ji. Na ce, "Alhaji, motocin nan a kashe suke?" Ya nuna mini lambobinsu. Mai shuɗiyar lamba fetur take sha, mai koriya kuwa ta lantarki ce ko mai haɗa lantarki da mai, kuma korayen sun cika layin. Babura masu shan fetur an hana su shiga cikin birnin tun 2007, sai ƙananan na batir da ke wucewa sulu. Hon ma ba a danna shi haka kawai.

Sai dai ainihin darasin a kan hanyar Shenzhen na same shi. Akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke kai mutum cikin kamar rabin awa, amma saboda za mu biya ta wata masana'anta sai Alhaji ya kira mana mota ta waya. Aion ce ta zo, ƙirar kamfanin GAC na nan Guangzhou, irin wadda masu haya suka fi riƙewa. Direban ya taka, muka tashi, ban ji an tayar da komai ba. Babu kakkarwar kujera, babu canjin giya. Wani siririn sauti kawai ke tasowa daga ƙasa idan ya ƙara wuta, ya ɓace idan ya sassauta.

Da muka wuce gudun kilomita 40 sai na fara jin wani ƙugi daga ƙarƙashin ƙafafuna. Da muka hau babbar hanya allura ta kai 100, sai ga wani shuu a daidai kunnena na dama, wajen madubin gefe. Duk inda aka haɗa gada da gada kuwa sai ka ji dum, dum, ƙarara. Na tambaya ko motar na da matsala. Alhaji ya fassara, direban ya girgiza kai ya ce lafiyarta ƙalau, taya ce da iska. Ya ce shekaru ya yi yana tuƙa motar fetur bai san haka suke da baki ba, sai da inji ya kauce.

Gaskiya ya faɗa. Abubuwa uku ne ke cika cikin kowace mota da ƙara: inji, taya a kan kwalta, da iskar da motar ke ratsawa. A tafiyar cikin gari inji ne ke da rinjaye. Da zarar ƙaramar mota ta haura kilomita 30 zuwa 40 a awa, taya ta karɓe. Daga 100 zuwa sama iska ce ke neman danne kowa. A motocinmu rugugin inji yana lulluɓe sauran biyun, shi ya sa ba mu lura da su. Cire injin nan, sai duk abin da ya ɓoye ya fito fili, har kukan robar ƙofa da karkarwar kwalbar ruwa a aljihun kujera. Saboda haka duk wanda ya ce maka motar lantarki shiru take ko'ina, a cikin gari ya shige ta. A babbar hanya tazarar da ke tsakaninta da motar fetur mai kyau ba ta da yawa.

Akwai ma abin da ke ƙara mata wahala. Batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta yana da nauyin ɗaruruwan kilo, don haka ana sa mata tayoyi masu tauri, a cika su da iska sosai don su ɗauki nauyin kuma kada su ci caji. Taya mai tauri ba ta shanye duka, miƙa shi take yi ga ƙarfe, ƙarfe ya miƙa wa fasinja. Ita kanta tayar tamkar ganga ce: fata a waje, iska a ciki, kowace tsakuwa a kan titi makaɗi. Iskar cikinta tana amsawa da kaɗawa kusan sau 200 a daƙiƙa, kuma wannan amon ne ke bi ta ƙafar mota ya shigo ya zauna a kan mutum har ya sauka da ciwon kai bai san dalili ba.

Abin da ya burge ni shi ne yadda mutanen nan suka ɗauki wannan ƙara a matsayin aiki, suka zauna mata. A Shenzhen cikin manyan kantuna ake baje motoci, gefen masu sayar da takalma da waya. Muka shiga wani shago, wata matashiya mai kula da baƙi ta ga ina ƙwanƙwasa ƙofa ina saurare, sai ta sauke gilashi rabi ta ce in duba bakinsa. Na duba: gilashi biyu ne aka manne, da wata siririyar leda a tsakani. Ledar nan ce ke shanye fiton iska kafin ya iso kunne. Ta nuna mini robar ƙofa, layi biyu a jiki, wani a saman. Ta nuna yankakkiyar taya da aka liƙa wa soso a ciki zagaye, don ya kashe amon nan da na ambata. Manyan kamfanonin taya irin su Michelin da Continental da Pirelli duk suna yin irinta. Madubin gefe an karkata shi, an bar masa tazara daga jikin mota yadda iska za ta wuce ba ta yi juyi ba. Ƙarƙashin motar a shafe yake sumul.

Wasu motocin ma da ƙara suke kashe ƙara. Akwai na'urori a ƙafafun mota da ke jin girgizar titi, kwamfuta ta lissafa amon da zai shigo, sai lasifikan cikin mota su fitar da kishiyarsa a daidai lokacin, biyun su haɗu su soke juna. Kamfanin Hyundai na Koriya ta Kudu ya sa wannan dabara a motarsa Genesis GV80 a 2020, yanzu kuma ta bazu. Kafin mota ta fito kasuwa sai an shigar da ita ɗakin da ake hura mata iska mai ƙarfi, a zaunar da mutum-mutumi mai makirufo a kunnuwa a kujerar direba, a bi kowace kafa ana toshewa. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel, kuma ragin 10 kunne yana jin sa kamar an raba ƙarar biyu. Injiniyoyi sukan shafe watanni suna neman ragin 2 ko 3. Na daɗe ina juya wannan a raina: mutum ya yi karatu mai zurfi, a ɗauke shi aiki, aikinsa kawai kada kunnen wani da bai sani ba ya gaji.

Rabin shirun kuma ba na mota ba ne, na titi ne. A hanyarmu ta komawa na rufe ido ina bin kwalta da kunne. Wani wuri ƙugin ya tashi, wani wuri ya faɗi kamar an rufe ƙofa, alhali gudunmu bai canza ba. Bambancin shimfiɗa ne. Akwai kwalta mai ƙananan kafofi da ke tsotse ruwan sama, ta kuma ba iskar da taya ke matsewa hanyar fita, sai ƙara ta ragu. Ƙasar Holan da irinta ta rufe mafi yawan manyan hanyoyinta. Inda hanya ta ratsa kusa da gidaje kuwa na ga an kafa dogayen katangu a gefe don masu barci. Ƙasar Sin tana da sabuwar doka sukutum a kan gurɓata muhalli da ƙara, wadda ta fara aiki ranar 5 ga Yunin 2022.

Shi Shenzhen a 1980 aka ware shi yankin tattalin arziki na musamman, yau mazaunansa sun haura miliyan 17. A nan hedikwatar BYD take, kamfanin da Wang Chuanfu ya kafa a 1995 yana ƙera batir, wanda ya daina yin mota mai fetur zalla a 2022. Zuwa ƙarshen 2017 birnin ya mayar da bas-bas ɗinsa sama da 16,000 na lantarki gaba ɗaya, babban birni na farko a duniya da ya yi haka. Tasi fiye da 21,000 suka biyo baya. Na shiga bas ɗin daga kasuwar kayan lantarki ta Huaqiangbei da yamma, a cike. Wata tsohuwa tana gyangyaɗi, ɗalibai biyu suna bitar karatu ƙasa-ƙasa, direba yana zaune ba abin da ke ruri a bayansa. A nan, cikin tafiyar gari da tsaye-tsaye, motar lantarki take nuna fifikonta na gaske.

Masu ƙera motocin nan ba su manta da mai tafiya a ƙasa ba. Motar da ba a jin zuwanta hatsari ce ga makaho da yaro da tsoho, don haka idan tana tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa sai ta riƙa fitar da wani sauti na gargaɗi daga waje. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan duk sabuwar motar lantarki tun Yulin 2021. Na tuna kasuwar Makarfi ranar cinta, da awaki da almajirai da masu tura baro a tsakiyar titi, na ce wannan sautin mu ne muka fi kowa bukatarsa.

A cikin bas ɗin nan kawuna ya faɗo mini a rai. Shekaru masu yawa ya yi yana jan Fijo 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da, tsakanin Ikara da Zariya, daga baya ya koma babbar mota yana kai mazarƙwaila da tumatir Kudu. Yau idan za ka gaishe shi sai ka matso ka ce "Kawu, ina kwana" da ƙarfi, sau biyu. A gida cewa ake yi tsufa ne. Likitoci kuwa sun tabbatar da cewa zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa 8 a kullum yana cinye ji a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Direbobinmu nawa ne ke cikin wannan hali, gilashi a buɗe saboda zafi, salansa a fashe, ƙofa ɗaure da waya? Ga masu injin niƙa, ga masu matse rake, ga mai shagon da janareto ke kuka a ƙofarsa tun safe. Ba mu taɓa lissafa kunne cikin abin da sana'a ke ci ba.

Motar lantarki ba baƙuwa ba ce a Arewa yanzu. Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yana shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas na fetur zuwa lantarki suna ɗaukar fasinja. Ba da jimawa ba za su iso tashoshin Ikara da Hunƙuyi, da yardar Allah, don tsadar mai ce za ta kawo su.

Amma shirun da na ji a Shenzhen ba a kwantena ake loda shi ba. Motar da ta yi tsit a can, idan ta bar kwalta ta kama burji da ramukan hanyoyin ƙauyukanmu, duk dukan da taya ta sha a kunnen fasinja zai sauka, ba injin da zai rufe shi. Ƙurar hunturu tana busar da robar ƙofa, zafin bazara yana fasa ta. Mai facin taya da ya ga soso a ciki zai iya yage shi ya yar, yana zaton datti ne, sai an koya masa ya yanke gurbin facin kawai ya mayar. Gilashi mai ninki biyu idan ya fashe aka sa na gama-gari, fito ya dawo. Waɗannan ƙananan abubuwa ne da ya kamata ƙungiyoyin direbobi da na makanikai su fara sani tun yanzu, shugabannin ƙananan hukumominmu kuma su san cewa gyaran hanya har da lafiyar kunnen jama'a a ciki.

Ɗan'uwa, idan Allah ya hore maka za ka sayi irin motar nan, ko don gida ko don haya, kada ka gwada ta a harabar dila ka ce ka ji shiru. Hau da ita titin Zariya zuwa Kano, ka rufe gilashi, ka kashe rediyo, ka kai ta 100. Daga nan ka ratse hanyar Ikara ka saurari ƙafafunta. Ka shafa robar kowace ƙofa, ka duba bakin gilashi, ka tambayi irin tayar da ke jikinta da inda za ka sami madadinta a Kano ko Kaduna, sannan ka biya kuɗi.