A Jamus Har Shiru Saye Ake Yi

Ranar Lahadi a birnin Braunschweig, in kana son ka tabbatar kunnenka bai mutu ba, sai ka yi tari. Kantuna a rufe suke, doka ta hana yankan ciyawa da inji, ko kwalba ma ba a jefawa cikin tankunan tara gilashi na bakin titi don kada ƙararta ta dami wani. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe kuwa, kullum lokacin hutun kunne ne. Har wata ƙa'ida gare su ta shekarar 1998 da ta ce a unguwar da gidajen kwana ne zalla, ƙarar da ke isowa daga masana'anta kada ta haura desibel 35 da dare. Ni da na tashi a Kano, inda janareton maƙwabci ke yi mini rakiya zuwa barci, injin markaɗe ya tashe ni da safe, sai shirun ya hana ni runtsawa.

Ɗan yayata na je dubawa, yana karatun injiniya a jami'ar fasaha ta garin. Kwamfutarsa ta tebur ta fara gazawa wajen juya zane-zanen injina da ake ba su, ga shi kuma ba ya rasa ɗan wasan ƙwallon kwamfuta in dare ya yi, ko da yake wannan ɓangaren bai so in kai wa mahaifiyarsa labari ba. Abin da yake bukata shi ne katin hoto, wato allon nan da ake sokawa cikin kwamfuta ya ɗauke mata nauyin zana duk abin da ake gani a fuskarta. Matsakaici yake so, ba na masu hannu da shuni ba, ba kuma na ƙasa-ƙasa ba.

"Kawu, kafin mu je kanti sai mun hau wurin dattijon nan na sama," in ji shi. "Ya san harkar."

Na ɗauka zancen ba zai wuce minti biyar ba. A titin Beirut na Kano tambaya uku ce ke raba gardama: giga nawa ne, sabo ne ko na hannu, nawa za a rage. Dattijon, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, bai yi ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya zaunar da mu, ya zuba mana gahawa, sannan ya tambayi yaron: wat nawa kake so ka ƙona?

Bayaninsa, kamar yadda yaron ya riƙa juya mini, ba shi da wuya. Duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. Zafin nan dole a fitar da shi, abin da ke fitar da shi fanka ce, fanka kuma ita ce ƙara. Saboda haka wanda ke son shiru ba daga ƙarfin kati yake fara lissafi ba, daga cinsa yake farawa. Ya jawo takarda ya rubuta. RTX 4060 na Nvidia, wanda ya fito a watan Yunin 2023 kan dala 299, wat 115 yake sha. Kishiyarsa RX 7600 na AMD, da ya riga shi fitowa da wata guda kan dala 269, wat 165. Dukansu giga 8 ne, gudunsu kuma ba shi da nisa da juna. Ni idona na kan dala 30 ɗin da ke tsakani, shi yatsansa na kan wat 50. Da na tambayi babban yayansu, RTX 4090, mai shan wat 450, sai ya kaɗa hannu kawai ya ce wannan na mai ɗakin da ba ya son kunna hita ne.

Daga nan ya shigar da mu ɗakin karatunsa, ya nuna wani baƙin akwati a ƙarƙashin tebur, ya ce in faɗa masa ko a kunne yake. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na kanga kunne. Ban ji komai ba sai agogon bangonsa. Na ce a kashe yake. Ya taɓa linzami, fuskar kwamfuta ta haskaka, ya dube ni da irin fuskar wanda ɗansa ya zo na ɗaya a aji.

Da ya zare murfin gefe na ga dalili. Katin da ke ciki tsoho ne, GTX 750 Ti na 2014, mai shan wat 60 kacal, amma da ƙyar ake hango shi. Ya kwance fankar da aka sayo shi da ita, ya ɗaura masa wani faffaɗan ƙarfe da ya fi katin kansa tsawo da faɗi: siraran faya-fayen alminiyam a jere, da bututun jan ƙarfe huɗu da suka taso daga tsakiyar katin suka ratsa su. Sunansa Accelero S1, na kamfanin Arctic, wanda aka kafa a Suwizalan a 2001, yanzu kuma ofishinsa na nan cikin Braunschweig ɗin. Na sa bayan yatsa a kan faifai ɗaya. Da ɗumi, irin wanda za ka iya jurewa.

Bututun ne suka fi ba ni mamaki. Ashe ba tsurar ƙarfe ba ne. A cikin kowanne akwai ɗan ruwa kaɗan, an zuƙe iskar ciki an toshe, shi ya sa ruwan ke tafasa tun zafi bai kai ko'ina ba. Ya zama tururi, ya gudu can ƙarshen da ke da sanyi, ya sauke zafinsa a kan faya-fayen, ya koma ruwa, ya biyo jikin bututun ya dawo. Haka yake ta kai da kawowa, ba inji ba mota. Na ce masa ai wannan aikin tulu ne: ruwa ya tsattsafo ta jikin yumɓu, ya bi iska, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ya yi shiru, ya ce haka ne, sai dai tulun nasu ba a ƙara masa ruwa. Ya kuma nuna mini cewa tazarar da ke tsakanin faya-fayen ta fi ta masu fanka faɗi, don iska mai ɗumi ta sami hanyar tashi sama da kanta.

To amma aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai ka auna ramukan sukuru huɗu da ke kewaye da ƙwaƙwalwar katin, domin ba kowane ƙarfe ke hawa kowane kati ba. Sai ka goge tsohon man da ke tsakani ka shafa sabo, siriri. Sai ka bi ƙananan ɓangarorin da ke riƙe bayanai da masu daidaita wuta ɗaya bayan ɗaya, ka manna wa kowanne ɗan ƙarfensa, don a da iskar fankar ce ke shafarsu, in ka manta da su can ne wuta za ta fara. Sannan wasu kamfanoni na manna 'yar takarda a kan sukuru guda, ka huda ta ka shiga rigimar garanti. Ƙarfen ya cinye gurbin kati biyu ko uku, kuma irin nasa yanzu a hannun masu sayar da na hannu aka fi samu.

Bayan duk wannan wahala, in ji shi, sai wata ƙarar ta fito. Da fanka ta tafi, sai ka fara jin wani siririn kuka da naɗaɗɗun wayoyin katin ke yi in aiki ya yi nauyi. Ya buɗe wani hoto mai motsi, ya ɗaga yatsa, ya ce, ka ji? Yaron ya gyaɗa kai. Ni na zuba kunne har na fara jin bugun zuciyata, ban ji kukan kowa ba. Ban sani ba ko kunnensu ne ya yi tsini ko nawa ne shekarun janareto suka dakushe.

Ba shi kaɗai ne mai wannan ciwon ba. Ya ɗauko mini mujallar c't, wadda ake bugawa a Hanoba tun 1983, ya nuna yadda suke auna ƙarar kowace na'ura su rubuta ta kusa da farashi. Akwai wani kamfani kusa da Hambag da sunansa ma be quiet!, wato yi shiru, a Ostiriya kuma Noctua suka fito a 2021 da NH-P1, masanyayin ƙwaƙwalwar kwamfuta mara fanka wanda nauyinsa ya haura kilo guda. Mutane na biyan kuɗi masu kauri don a ba su abin da ba za su ji ba.

Ina shirin miƙewa idona ya faɗa kan bayan akwatin. Fanka ce, babba, mai faɗin santimita 14, tana juyawa a hankali har kana iya bin fikafikanta da ido. Na nuna ta na ce, ranka ya daɗe, wannan fa? Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya ce zafin da ƙarfen ya saki in bai fita daga akwatin ba, komawa zai yi inda ya fito, kuma babbar fanka mai tafiyar hawainiya tana tura iskar da ƙarama sai ta yi ihu za ta tura. Wato mara fankar ma da fankarsa, a ɓoye take kawai.

Kantin da muka je washegari ba shi da wani labari, ban da cewa yaron ya riga ya san farashin kowane kati a shaguna da dama daga wayarsa, kuma tun a bakin ƙofa ya kamo hannun rigata. "Kawu, don Allah kada ka taya. Abin da ke rubuce shi ne kuɗin." Na ji zafin wannan, domin sayen da babu ciniki a cikinsa bai cika saye ba a wurina.

Mai kantin ya fito mana da wani kati na uku, wanda ke raba mutum da sukurudireba: Palit RTX 3050 KalmX mai giga 6, fitowar 2024, wanda tun daga masana'anta ba shi da fanka. Wat 70 yake sha, ramin da ake soka shi kuma yana ba da har 75, don haka ko ƙarin waya ba ya bukata. Na juya shi a hannu, ƙarfe ne zalla, ba abin da ke motsi. Sai dai 4060 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba, zanen injina kuma ba ya jira. Yaron ya ɗauki 4060. Hujjarsa ita ce katunan zamani da yawa suna tsayar da fankarsu cak in ba aiki mai nauyi ake yi ba, sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 suke tashi, kuma zai iya rage masa ƙa'idar shan wuta da manhajar MSI Afterburner ya sami sauƙin zafi ba tare da asarar gudu mai yawa ba. Dattijon da ya ji, ya ce wannan rabin shiru ne, amma ya yarda rabin ya ishi ɗalibi.

Ni kuwa tunanina ya koma gida. Ƙarfe mara fanka ba ya ƙirƙirar sanyi, aro yake yi daga ɗaki. Ɗakin dattijon yana wajen digiri 20. Shago mai rufin kwano a Kano cikin watan Afrilu yana haura 40. Katin da ya tsaya a 70 a can, a wurinmu sai ya doshi 90, alhali katunan Nvidia da yawa tun a wajen 83 suke fara rage gudu don su ceci kansu. Da na ce to wannan wasan 'yan ƙasar sanyi ne, sai na tuna hunturu. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi Disamba da Janairu a Kano ya san abin da fanka ke jawowa: ƙura ta cushe faya-faye ta zama bargo, ƙaramar fankar ta fara gurnani, wata rana ta tsaya, kati ya ƙone. Abin da ba ya juyawa ba ya mutuwa ta wannan hanyar, kuma faya-faye masu tazara busa ɗaya ke share su.

Tambayar wat ɗin ma da na ɗauka tsirfa ce, mu ta fi shafa. Bajamushe yana ƙirga wat don kunnensa da kuɗin wutarsa, wanda ke cikin mafi tsada a Turai. Mai tace finafinai a titin gidan Zoo na Kano da ke aiki da sola da inbata, wat 50 ɗin nan su ne ke yanke masa ko batir zai kai shi asuba. Shirun kansa ba kwalliya ba ne ga mai naɗar muryar mawaƙi, ko karatun Alƙur'ani, ko shirin rediyo a ɗaki guda da kwamfuta, domin makirfo ba ya yi wa fanka kara. Mu mun saba ɗaukar ƙara a matsayin shaidar cewa abu na aiki, har mukan yi zargin injin da ya yi shiru. Wanda ya saurari naɗinsa ya ji huuu a bayan kowace aya ba zai yarda da mu ba.

Saboda haka kai da ke shirin haɗa kwamfuta a Kano ko Maraɗi, kati mara fanka sam kada ka saya sai in ɗakinka na da na'urar sanyaya ɗaki, ko katin bai wuce wat 75 ba kuma ka sa wa akwatin babbar fanka da matatar ƙura. In matsakaici kake so, ɗauki mai fanka biyu masu tsayawa da kansu, ka riƙa bushe shi duk ƙarshen hunturu. Kuma kafin ka tambayi mai shago giga nawa ne, tambaye shi wat nawa yake sha.