Dutsen Sawakin a Ɗakin Kaka

A gidanmu na Majidaɗi, cikin garin Jalingo, mun taso mun tarar da wani farin dutse mai rassa a saman jeren kwanukan Kaka. Ba shi da nauyi, jikinsa duk 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Marigayi kakanmu ne ya zo da shi daga hajjin ƙasa. A Sawakin ya tsince shi, bakin Bahar Maliya, inda a da alhazanmu kan jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Kaka takan ce da irinsa aka gina garin. Sai da na girma na tabbatar: gidajen Sawakin da na tsohuwar Jidda, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, da dutsen murjani aka ɗora su.

Shekarar da ƙanena ya gama bautar ƙasa a Legas, ya dawo da sha'awar kiwon kifin ado. Ya haɗa akwatin gilashi, ya sayo gishirin teku na musamman, yana auna giram 35 a kowace lita, daidai da ruwan teku. Abin ƙawata akwatin ne ya rage. Sai ya je ya durƙusa gaban Kaka.

"Kaka, ki ara mini dutsen Alhaji."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ruwa za ka mai da shi? To ɗauka, ai can ne gidansu."

Ranar na san ba dutse ba ne. Ƙanena ya ɗiga masa lemun tsami, muka ga yana kumfa. Ya ce ƙashin wasu ƙananan halittun teku ne, sinadarinsa ɗaya da na alli. Kowane rami ɗakin halitta guda ne. Mako guda yana jiƙa shi yana sauya ruwa, ya goge ƙurar shekaru da buroshi, bai bari sabulu ya taɓa shi ba, sannan ya shanya a rana.

Da dutsen ya shiga akwatin, yaran unguwa suka yi ta tururuwa. Kifaye biyu masu ruwan lemo suna kewaya rassansa. Cikin 'yan makonni gansakuka ta rufe farinsa, Kaka ta ce ya fi kyau a haka.

Sai zafin Maris ya zo. Kifin teku yana son ruwan da bai wuce digiri 25 ko 26 ba, mu kuwa muna dab da 40. Aka ɗauke wuta kwana biyu, famfon iska ya tsaya. Da asuba na tarar da ƙanena tsugune, kifayen duka sun taso sama. Daga baya na karanta cewa ɗumamar ruwa ce ta kashe murjani mai yawa a tekun Ostareliya a 2016, ta bar fararen ƙasusuwa irin dutsenmu. Abin ya tsaya mini a rai.

Yau dutsen ya koma saman jeren kwanuka, ko da yake mai ɗakin ta riga mu gidan gaskiya. Mai sha'awar wannan kiwo, ka fara tanadar wuta da sanyi kafin kifi. In akwai tsohon murjani a gida, wanke shi ka mora, amma kada kuɗinka ya sa a fasa mai rai a teku.