Burtali a Cikin Waya

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya. Gusau ta samu nata bayan kimanin wata guda, mu kuwa a Bungudu sai da muka ƙara jira. A makonnin nan na lura da wayar ɗan yayana. Duk wasannin da ke buƙatar intanet sun daina aiki, saura guda ɗaya na gine-gine, inda yake wuni yana sare itatuwan da bai taɓa gani ba, yana kafa gidajen katako a kan ƙanƙara. Na ce a raina, me zai hana a yi irinsa da jigawa da fadama da gero? Ni malamin lissafi ne, ban taɓa rubuta manhaja ba, kuma sai a 2023 na samu ƙarfin halin farawa.

Wanda ya san dara ya riga ya san rabin wannan sana'a. Filin dara gurabe talatin ne, biyar sau shida, kuma kowane gurbi ko dai wofi ne ko yana ɗauke da ɗan wani. Wasan da aka gina a kan gurabe haka yake: ana yanka duniya zuwa ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin daɓe, a zana 'yan hotuna kaɗan, a yi ta maimaita su. Dabarar tsohuwa ce, ƙarancin wurin ajiya ne ya haife ta. Super Mario Bros. na 1985 da gurabe masu ɗigo takwas sau takwas aka haɗa shi, har ma gajimare da kurmin da ke cikinsa siffa ɗaya ce, launi kawai aka sauya. Sauran rabin kuwa shi ne abin da muka sani da wasan ƙasa. Ba a ce maka ga inda za ka, ba a ce ga wanda za ka kayar. An ba ka fili da kayan aiki, ka gina abin da ranka ya so. Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, da Terraria na 2011, su ne fitattu a wannan gida.

Na zaɓi injin wasa mai suna Godot saboda kyauta ne kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka buɗe shi ga kowa a 2014. Kuskurena na farko haɗama ce. Na shimfiɗa fili mai gurabe dubu sau dubu, wato miliyan guda, na ce wa waya ta riƙe su duka a lokaci ɗaya. Ta yi zafi, ta sandare. Alhali fuskar wayar gurabe ashirin sau goma sha biyu kawai take nunawa, 240 ke nan. Maganin shi ne a raba taswira gida-gida, a ɗauko gidan da mai wasa yake da maƙwabtansa, a bar saura a ajiye. Minecraft ma da gidaje masu faɗin goma sha shida sau goma sha shida yake aiki. Na rage filina zuwa 64 sau 64, gurabe 4,096, wayar ta huce.

A nan na fahimci cewa taswirar ba hoto ba ce, jadawalin lambobi ce. Sifili jigawa, ɗaya fadama, biyu ruwa, uku dutse. Na ratsa gulbi ta tsakiya, na kafa dutse a gefe don tunawa da na Kwatarkwashi. Hoto riga ce da ake sa wa lamba. Abin da ke raya filin shi ne doka: me ke tsira a wane gurbi, cikin kwana nawa, da wane sharaɗi. Kwamfuta kuwa ba ta karɓar "kusan" ko "ya danganta". Sai na tarar ni da na tashi a gidan noma ban san amsar da za ta shiga jadawali ba.

Na kai wa mahaifina wayar wata rana bayan la'asar. Damina da yawa ke nan bai taka babbar gonarsa ta daji ba, saboda dalilin da duk ɗan Zamfara ya sani. Ya daɗe yana kallon geron da na shuka a bakin gulbi, sannan ya ce, "Wanga gero naka ruɓewa za shi yi. Fadama ta shinkafa ce da rake, in rani ya yi a sa albasa da tumatir. Gero jigawa yake so." Na ɗauko littafi. Ya ba ni kwanakin gero, kamar wata uku, ya ce dawa ta fi shi jinkiri kuma ta fi son ƙasa mai nauyi, wake kuma a tsakanin kunya ake sa shi. Abin da ya faɗa a zama ɗaya ya ci mini mako biyu ina mayar da shi lambobi.

Daga nan na sa shanu. Na ba su doka guda: su bar rugarsu da safe su je gulbi, su dawo da yamma. Don su nemi hanya na yi amfani da wata dabarar lissafi mai suna A*, wadda masu bincike uku suka wallafa a Amurka a 1968. Kowane gurbi yana da farashin takawa, ita kuwa tana tara farashin hanyoyi ta zaɓi mafi araha. Da yake na ba duk busasshiyar ƙasa farashi ɗaya, sai shanun suka miƙe sak ta tsakiyar gonaki, suka cinye geron kaf. Na yi shinge, suka kewaya ta gonar maƙwabci. Na rufe ko'ina, suka tsaya cak, domin lissafin bai samu hanya ba.

"Baba, shanun nan sun gagare ni," na ce da shi. Ya karɓi wayar, ya bi taswirar da yatsa daga ruga zuwa gulbi. "Ina burtalin?" Ban sa ba. Ban ma tuna da shi ba.

Na ƙara lamba ta huɗu. Burtali farashinsa ɗaya, gona mai shuka goma, sai shanun suka bi hanyarsu ba tare da shinge ko ɗaya ba. Ya kuma tuna mini da ragowar yarjejeniyar: bayan girbi makiyaya na sauka a gona, dabbobi su ci kara su bar taki. Na rubuta wannan ma. Idan kaka ta yi, farashin gona ya faɗi, kuma duk gurbin da shanu suka kwana yabanyarsa ta fi kyau baɗi.

Ba na cewa gurabe 4,096 sun bayyana abin da ya sami jiharmu. Babu bindiga a wasana, babu zinari, babu kuɗin fansa, babu alƙalin da ya karkata. Amma da yake wasan ƙasa ne, mai wasa yana da ikon nome kowane gurbi, har da burtali, kuma na yanke shawarar ba zan hana shi ba. Ɗan yayana ya nome shi a ranarsa ta farko, don ya ga fili a banza. Washegarin wasan shanu suka ratsa gonarsa. Ya zo yana ƙorafi cewa manhajar ta lalace. Na ce ya je ya tambayi kakansa.

Wasan bai kammala ba. Shanun sukan maƙale a bakin dutse, kuma har yanzu ban iya zana ruwan sama ba. Yana kan wayoyi huɗu, duk a gidanmu, kuma ba ya neman intanet ko sau ɗaya. Jiya na leƙa filin yaron. Ya bar layi biyu ba shuka daga ruga har gulbi, ya kuma dasa aduwa a gefensu, kamar yadda tsohon ya gaya masa ana yi.